Yadda za mu tuna da Mushe

Bayan sadakar bakwai, mu tsofaffin ɗalibansa muka zauna a fadarmu ta unguwar Zariya, nan Maradi, kan abin da za mu yi wa malaminmu da muke kira Mushe, Allah ya jiƙansa.

Wasu sun so a yi babban taro da rumfuna da kujeru. Dattijon cikinmu ya ce a fara da gidansa tukuna, kuma ni ma nan na tsaya. Inna, matarsa, tana takaba, wata 4 da kwana 10, ga yara uku a lakwal. Mutumin da kan dawo da yamma, alli duk a hannun rigarsa, ya shimfiɗa tabarma ya haɗa mu da 'ya'yansa yana duba littattafanmu da fitila, bai kamata gidansa ya rasa hatsi ba. Aka amince kowa ya riƙa kawo jika ɗaya, wato sefa dubu, a wata, a sayi buhun gero, a tanadi kayan karatu kafin komawar Oktoba.

An kuma ce a bincika ko akwai bashi a kansa, a biya a asirce.

Wata 'yar ajinmu, malama ce yanzu, ta ɗauki nauyin koyar da yaran unguwa kyauta ran Asabar, ladan ya je gare shi.