Ruwan sama ya dawo, me ya hana rijiyata dawowa?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana ruwa ce. Rijiyar lambuna tun zamanin mahaifina ba ta taɓa ƙafewa ba, sai da fari ya jera shekaru. Na yi ta ƙara wa guga igiya, daga ƙarshe laka yake ɗebowa. Bana damina ta yi albarka, rafi ya cika ya batse, amma rijiyar ko rabin inda take a da ba ta kai ba. Ina ruwan ya tafi? Abin yana damuna ƙwarai, don da ita nake riƙe iyali.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kwance ne tsakanin ƙwayoyin yashi da tsagogin duwatsu, kuma sannu a hankali ruwan sama ke tsiyaya ya isa gare shi. Bayan fari, busasshiyar ƙasa da saiwoyin itatuwa ne ke fara sha su ƙoshi, sai ragowar ta sauka. Mamakon ruwa na dare ɗaya kuwa yawancinsa rafi yake tafiya. Rijiya kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Ga shi kuma lokacin fari kowa ruwan ƙasa yake komawa, shigowa ta ragu, ɗiba ta ƙaru. An haƙa burtsatse kusa da kai?

Mai Lambu:
An haƙa, Injiniya, masu zurfi, da famfon sola. Yini suke yi suna ja.

Malama Mai Binciken Ƙasa:
To, nan ne abin tsoron, Malam. Burtsatse mai zurfi tana janye ruwan kewayenta, rijiya marar zurfi ce ke fara ƙafewa. Idan kuma aka tsotse ruwan da ke cikin yumɓu, yumɓun yakan danne ya haɗe, gurbin da ruwa ke zama ya tafi ke nan. A kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya a Amurka, ƙasa ta nutse da kusan mita 9 a wani wuri tsakanin 1925 da 1977 saboda jan ruwan ƙarƙashin ƙasa don ban ruwa. Awon da taurarin ɗan'adam na GRACE suka fara a 2002 shi ma ya nuna raguwar ruwan ƙarƙashin ƙasa a arewacin Indiya.

Injiniya:
Gaskiya ne, Malama, sai dai ba kowace ƙasa ke da irin wannan yumɓun ba. Malam, kafin ka kashe kuɗi wajen ƙara zurfi, ka riƙa auna ruwan duk wata da asuba, kafin famfuna su tashi, ka rubuta. In yana hawa ko da kamu ɗaya ne, rijiyar na farfaɗowa. In yana sauka bayan damina mai kyau, ku zauna da masu burtsatsen ku tsara lokutan ja.