GBU-12 ɗina ba ya kaiwa kan tanka, ku taimaka

Nasiru Talladje: Assalamu alaikum ƴan fada. Na ɗauki jirgin F-16 na gwajin sati biyun nan a wasan tuƙa jiragen yaƙi na kwamfuta, DCS World, ina so in iya jefa GBU-12, bam mai bin leza, kafin wa'adin ya cika. Ina nemo tanka a akwatin hange (kyamarar jirgin da take haska leza), in kama ta, in saki bam, in kunna leza. Amma bam ɗin sai ya sauka can kafin ya kai, ya tada ƙura kawai, tankar tana nan daram. Wani lokaci ko fashewa ba ya yi. Ina gizo yake saƙar?

Abdu Yantala: Wa alaikumus salam. Fara da lambar leza. Lambar da ke jikin bam da wadda akwatin hange yake haskawa dole su zama ɗaya. A wasan duka biyun suna zuwa da 1688, amma in misiyon ɗin wani ne ya haɗa, yana iya canza ta bam. Kuma a F-16 ba ka canza lambar bam kana sama, tun a ƙasa ake yi. Ta akwatin ce kake iya gyarawa a shafin LASR na saitin leza: danna LIST, sai 0, sai 5.

Nasiru Talladje: Na duba Yaya Abdu, 1688 ne duka. Ni na haɗa misiyon ɗin da kaina a kusa da Kobuleti.

Abdu Yantala: To LASER ARM, maɓallin ɗana leza, fa? Shi da MASTER ARM na ɗana makamai maɓalli biyu ne daban. Kana ganin harafin L, alamar leza tana haskawa, yana ƙyaftawa a allon?

Nasiru Talladje: Yana ƙyaftawa. Ina sakin bam nake danne kunamar, ba na ɗagawa har ya faɗi.

Mushe Isufu: Ai ka faɗi ciwon da bakinka, ƙanena. Kana haskawa da wuri.

GBU-12 bam ne na Mk 82 mai nauyin fam 500, aka ɗaura masa ido a goshi da fukafukai a baya. Ba shi da inji, ba abin da yake tura shi sai gudun da jirginka ya ba shi da kuma faɗuwar da yake yi. Ƙananan fukafukan gaba da suke juya shi kuwa, a irin Paveway II, wato dangin GBU-12, ba su san matsakaici ba: ko su karkata gaba ɗaya, ko su koma daidai. Kamar sabon ɗan kabu-kabu ne da yake murɗa kan moto har ƙarshe zuwa hagu, ya dawo har ƙarshe zuwa dama, yana tafiya dai amma yana ɓarnar gudu. Da zarar idon ya hango ɗigon leza, bam ɗin yana barin bakan da ya kamata ya bi ya nufi ɗigon kai tsaye, ya fara wannan kai-komo. In ka ba shi daƙiƙa 30 yana haka, ƙarfinsa zai ƙare, nauyi ya rinjaye shi, ya sauka kafin wurin.

Maganin shi ne ka ƙyale shi ya faɗo abinsa, sai saura daƙiƙa 8 zuwa 12 ka haska. Kuma F-16 yana yi maka wannan da kansa: in LASER ARM yana kunne, kana CCRP (yanayin da kwamfutar jirgi take lissafa lokacin sakin bam), ka ɗauke yatsa daga kunamar gaba ɗaya, jirgin zai kunna leza saura daƙiƙa 8. Adadin yana nan a shafin da Abdu ya faɗa, kana iya ƙara shi.

Rabi Plateau: Mushe ya gama magana. Sai dai batun rashin fashewar daban ne. Daga wane tsayi kake saki?

Nasiru Talladje: Wajen ƙafa 5,000, don in ga tankar da kyau.

Rabi Plateau: Haba Nasiru, to amfanin akwatin hangen me? Hau ƙafa 20,000, wajen mita 6,000 ke nan. Na ɗaya, bam yana bukatar ɗan lokaci bayan saki kafin ya ɗana kansa, in ya riga ya taɓa ƙasa ƙarfe kawai ka jefa. Na biyu, daga sama yake samun gudun da zai gyara hanya da shi. Na uku, a ƙafa 5,000 ranar da ka shiga misiyon mai Shilka, motar harbo jirage, ko masu makamin Igla a kafaɗa, ba za ka kai ga saki ba ma. Ka duba shafin makamai na SMS kuma, ka tabbata fiyus ɗin yana NSTL, wato na goshi da na wutsiya duka.

Ni dai da ka tambaye ni tun farko, A-10C zan ce ka gwada. Jirgin ba ya sauri, kana da lokacin da za ka nemi abu, ka yi tunani, ka gyara. Lokacin haskawa ma kai kake rubuta shi a tsarin bam ɗin. A F-16 kafin ka gama lalube ka wuce garin.

Abdu Yantala: Rabi kin fara tallar tarakta ɗin nan taki 😂 A-10 kafin ya isa fagen fama an gama yaƙi an sha shayi na uku.

Rabi Plateau: Amma in ya isa ba ya dawowa da bam ko ɗaya, Yaya Abdu. Kai fa?

Ɗan Adar: Sallama daga Tawa. Ni Mirage 2000C nika tashi, kuma shi ba shi da akwatin hange sam. Shina ɗaukar GBU-12, amma sai wani ya haska mai, ko JTAC, sojan ƙasa mai nuna ma jirage wurin hari, ko abokin tahiya. Abin da na koya wurin wanga aiki shi ne, wanda ka haskawa ya hi wanda ka saki wahala. Nasiru, bayan ka saki bam mi kaka yi da jirgin?

Nasiru Talladje: Ina karya kwana in juya baya, kar a harbe ni.

Ɗan Adar: To nan ma akwai magana. Akwatin naka a gehen dama na bakin iska shike, ƙarƙashin jirgi. In ka kwanta da yawa, cikin jirgin ko tankin mai ko hiffike shina shiga tsakaninshi da ƙasa, leza ta yanke, bam ya makance ana saura ƙiris. Kwana mai sauƙi za ka yi, ko ka miƙe abinka tunda kana sama. Idonka bisa allon har ka ga wuta ta tashi, sannan ka juya.

Kawu Hamidu: Ƴaƴana sannunku da hira. Abin da yaron Tawa ya faɗa ba a wasa kaɗai yake ba. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, jiragen Tornado na Ingila da farko ba su da abin haskawa, sai aka kawo tsofaffin Buccaneer suna binsu suna haska musu, su kuma suna saki. A yaƙin nan dai F-111 na Amurka suka riƙa bin tankokin Iraƙi da dare ɗaya bayan ɗaya da wannan GBU-12 ɗin, saboda ƙarfen tanka yana riƙe zafin rana fiye da yashi, sai ya fito fili a kyamarar zafi. Ku gwada a wasan, ku juya akwatin zuwa hoton zafi da almuru, ku ga yadda mota mai inji a kunne take haske.

Asalin abin ma tun Biyetnam ne. Kamfanin Texas Instruments ya ƙera Paveway na farko a shekarun 1960. Gadar Thanh Hoa an yi shekaru ana zuba mata bama-bamai tana tsaye, sai a watan Mayun 1972 jiragen F-4 suka karya ta da masu leza.

Shawarata kuwa, wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ya nemi Falcon BMS. Kyauta ne, abin da ake bukata kawai ka mallaki tsohon Falcon 4.0 na 1998, kuma kuɗinsa kaɗan ne. F-16 ne shi ma, maɓallan duk ɗaya, ga yaƙin Koriya da yake tafiya da kansa ko kana ciki ko ba ka ciki. Hotonsa bai kai na DCS kyau ba, wannan gaskiya ne, amma bai cin diski da koneksiyo kamar shi.

Abdu Yantala: Kawu, gaskiya ne batun diski. DCS da taswira biyu uku sai ka nemi SSD babba, RAM kuma giga 16 tana yi in kai kaɗai ne, amma shiga sabar mai mutane da yawa sai 32. Duk wanda zai sauke kada ya ƙone forfe ɗinsa. Ya kawo diski nan Yantala in kwafa masa, ya je gida ya shiga da asusunsa ya yi ɗan sabuntawa kawai.

Mushe Isufu: In ƙara abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: inda kake ɗora ɗigon. Kada ka ɗora a saman tanka ko kan rufin gini, don leza tana iya zamewa ta wuce ta sauka a ƙasan da ke bayansa, bam kuma ɗigo yake bi, bai san tanka ba. Ka sauko da shi gindin abin, inda ya haɗu da ƙasa. In gini ne mai tsawo, ka tuna bangon da kake haskawa lokacin saki ba lallai shi kake gani ba bayan jirgi ya wuce ta kai. Bam yana tahowa ta gaba, kai ka koma kana haska bayan ginin, idonsa ba ya ganin komai. Shi ya sa kwanan nan mai sauƙi da Ɗan Adar ya ce yake da amfani, yana barin ka a gefe.

Kamawa kuma iri biyu ce. TMS maɓalli ne a sandar tuƙi: TMS sama yana kama abu guda, shi ake yi wa mota mai tafiya. TMS dama yana kama fili, shi ya fi tsayawa a kan gini ko tanka da ke ajiye, don hayaƙin bam na farko ba ya fizge shi. In motar tana tafiya, nan kam kana iya fara haskawa da ɗan wuri ka bi ta har ƙarshe.

Rabi Plateau: In gajimare ya rufe fa, kada ka wahalar da kanka. Abin da ba ka gani a allon ba za ka haska shi ba. Ka ɗauki GBU-38 mai bin GPS, ka ba shi wurin ka tafi. Sai dai shi ba ruwansa da abin da ya motsa.

Ɗan Adar: Da hazon Tawa na watan Janairu anka sa cikin wasan, da dut mun aje leza mun koma dara 😂

Nasiru Talladje: Jama'a! Ƙafa 20,000, na daidaita da layin CCRP, na danne maɓallin saki har bam ya fita da kansa, ban taɓa kunamar ba. L ya fara ƙyaftawa saura 8. Na danna F6 ina bin bam ɗin da ido, ina ganin fukafukan gaba suna kaɗawa, ya shiga ta kan T-72 ɗin daidai. Allah ya saka da alheri Mushe, Anti Rabi, kowa da kowa.

Sai dai wata sabuwa: da na koma zagaye na biyu, alamar wurin da zan nufa ta gusa daga inda na sa ta a taswira.

Abdu Yantala: Barka! Wannan ba komai ba ne. In ka ja akwatin hange a F-16, wuraren tafiyarka duka suna gusawa tare da shi. Danna CZ, maɓallin share gushin, a allon, komai ya koma mazauninsa.

Da me kake tuƙi ma tukuna?

Nasiru Talladje: Manet ɗin wasan ƙwallo 🙈 da kilabiye.

Abdu Yantala: Ka yi ƙoƙari wallahi. In kuɗi sun samu, Logitech Extreme 3D Pro ta isa mai farawa. Thrustmaster T.16000M ta fi ta daidaito, kuma in ka haɗa da abin ba da wutarta za ka samu ɗan maɓallin da ake jan akwatin hange da yatsa, wanda shi ne rabin aikin leza. A Yamai samunsu sai an dace, yawanci saƙo ake ba masu zuwa Dubai ko Faransa. Warthog ta ƙarfe kada ma ka kalle ta yanzu.

Rabi Plateau: Kafin sanda ma, sa OpenTrack. Kyauta ne, da kyamarar kwamfuta yake bin kanka, ka waiga jirgi ya waiga. Ka nemi Chuck's Guides na F-16, hotuna ne da kibiyoyi, ko Turancinka na lakwal ne za ka gane. Tacview kuma yana nuna maka hanyar da bam ya bi bayan ka sauka, nan za ka ga kai-komon da Mushe ya bayyana da idonka.

Kuma kada ka yi gaggawar saye in gwajin ya ƙare. Gwada F/A-18C ma sati biyu, shi AUTO ake ce wa yanayin sakin. Sannan ka jira lokacin rangwame, suna yi sau da yawa a shekara.

Kawu Hamidu: Ku sayi ondilar (batirin da yake riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) kafin duk waɗannan. Kuran ya ɗauke bam yana saura daƙiƙa 5 ba daɗi, ga lalata diski.

Ɗan Adar: To tunda Nasiru ya iya haskawa, na samu abokin aiki. Asabar bayan isha'i, in koneksiyon Tawa ta yarda, ni in ɗauko GBU-12 bisa Mirage, kai ka haska min. Amma kowa da lambar shi, kar bam ɗina ya bi ɗigon Rabi.

Abdu Yantala: Ni zan buɗe sabar, taswirar Caucasus tunda ita kowa yake da ita. Nasiru da Ɗan Adar 1688, Rabi 1687, ni 1686. Ku sa SRS, manhajar magana ta rediyo, ku gwada makirfo tun da rana. Ɗan Adar, kai za ka faɗa masa lokacin da ka saki da kuma daƙiƙa nawa bam zai yi, shi ya ƙirga ya haska da kunamar, don wannan karon jirgi ba zai kunna masa da kansa ba.

Nasiru Talladje: In sha Allah. Yaya Abdu, gobe bayan la'asar kana gida? Ƙanin abokina yana son a kwafa masa, diskinsa giga 500 ne, zai isa?

Abdu Yantala: Zai isa in ba komai a ciki. Ku zo da sukari, shayi akwai.