Me za mu kira "testbed" da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Shirina na kimiyya zai fita da ƙarfe 8 na daren yau, kuma kalmar "testbed" ta tsaya mini a wuya. Maganar ARPANET nake yi, hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa a 1969, inda aka gwada aika saƙo gunduwa-gunduwa tsakanin kwamfutoci. A taimaka don Allah.

Mai fassara: Fagen gwaji. Sa shi ka wuce.

Malamin makaranta: Ga zakaran gwajin dafi, kowa ya san shi.

Injiniya: A'a Malam, zakara shi ake ɗura wa dafin. Nan kuwa a kan hanyar ake gwada wani abu daban. A 1977 an haɗa ta da hanyar rediyo da ta tauraron ɗan'adam, aka ga saƙo ya ratsa duka ukun. Ranar 1 ga Janairun 1983 ta koma TCP/IP, wato ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen musayar saƙo, a shekarar kuma aka ware MILNET don aikin soja na yau da kullum, aka bar wa masu bincike ARPANET su yi ta taɓe-taɓensu. Wuri muke nema wa suna.

Mai kishin harshe: To magwada ke nan! Karatu, makaranta. Jima, majema. Gwadawa, magwada. Na daɗe ina faɗa a zauren nan, Hausa ba ta rasa komai ba, mu ne ragwaye.

Mai fassara: Ranka ya daɗe, magwada wurin ne ko mutanen?

Mai kishin harshe: Mahauta fa? Wa ya taɓa ruɗewa? Karin sauti ya raba gardama, kuma a rediyo za a faɗa. Ku dai in ba daga Turanci abu ya fito ba, ba ya burge ku. Haka kuka yar da yanar gizo kuka rungumi intanet.

Injiniya: Ai ba abu ɗaya ba ne. Intanet ta girmi yanar gizo.

Mai kishin harshe: Ga irinta nan.

Mai shirin rediyo: Malamai, saura awa biyu. Zan ce "hanyar sadarwar soja da ta zama fagen gwajin sababbin fasahohi". Baba, zan ambaci magwada sau ɗaya mu ji abin da masu sauraro za su ce.

Mai kishin harshe: Sau ɗaya? To, da hanau gara mannau. Amma ka faɗe ta da karin da ya dace.