Masu aiki da Elixir a Kaduna, a ina sabon shiga ya fi tuntuɓe?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda ya saba da Python, yana son komawa Elixir, wani yaren rubuta manhaja, don gina sabar da za ta riƙa tura wa 'yan kasuwa saƙon shigar kuɗi, me ya kamata ya sani tun farko? Kwamfutar mai ram 4GB ce, data kuma sai a hankali.

Abban Khadija, Barnawa: Wa alaikumus salam. Tun wajen girkawa ake fara shan wuya. Elixir a kan injin Erlang yake gudu, wato BEAM, kuma kowace siga tana da sigogin OTP, wato sigogin Erlang ɗin, da take jituwa da su. Kar ka ɗauko na apt, mai girka manhajoji a Linux irin su Ubuntu, galibi tsoho ne. Sa asdf, manhajar da ke kula da sigogi, ka rubuta sigogin biyu a fayil ɗin .tool-versions, ka tabbata wutsiyar sunan Elixir ɗin, misali -otp-26, ta dace da Erlang 26. Kafin nan ka sa build-essential da libncurses-dev da libssl-dev. In babu na ƙarshen, Erlang zai harhaɗu kamar lafiya lau, alhali ba crypto a ciki, sai `mix deps.get` ya kasa ɗauko komai daga Hex, rumbun kunshin Elixir, dole ka sake daga tushe. A kwamfuta irin taka harhaɗawar tana jan lokaci, don haka ka bari sai wuta ta zauna.

Maman Ilham: Ƙanena, girkawa aikin yini ɗaya ne. Abin da ke cin makonni shi ne yarda cewa ƙima ba ta canzawa. Ɗan Python zai rubuta `jimla = 0`, ya zagaya da `Enum.each` yana ƙara mata kuɗi, ya duba ya tarar da sifili. Sunan da ke cikin fankshin ɗin sabo ne, na waje bai san da shi ba. Abin yi shi ne `Enum.reduce(kudi, 0, fn k, jimla -> jimla + k end)`. Haka ma abin da aka ɗaura wa suna a cikin `if` ba ya fitowa, sai dai ka karɓi sakamakon `if` ɗin gaba ɗaya. Sannan jerin Elixir kamar sarƙa yake: ƙari a gaba araha ne, ƙari a baya da `++` sai an kwafe jerin duka. Ka tara ta gaba, ka juya da `Enum.reverse` sau ɗaya.

Injiniya na Tudun Wada: Gaskiyarki Hajiya. Tunda aikinsa na saƙo ne, ga tarko biyu. `GenServer.call` daƙiƙa 5 kawai yake jira in ba ka canza ba. Idan kamfanin tura saƙo ya yi jinkiri, mai kiran zai faɗi, sauran buƙatu kuma suna layi, domin GenServer, wato tsarin da ke karɓar buƙatu yana amsawa, ɗaya-bayan-ɗaya yake aiki. Fitar da turawar zuwa Task, mai gudanar da aiki a gefe, ko kunshin Oban in kana son ta tsira ko da sabar ta mutu, tunda shi a rumbun bayanai na PostgreSQL yake ajiye ayyuka. Na biyu, kar ka taɓa sa `String.to_atom` a kan abin da ya zo daga waje. Ba a share atom, wato sunaye irin `:ok`, iyakarsu kuma 1,048,576, suna cika injin ya tsaya cak. `String.to_existing_atom` ne daidai.

Abban Khadija: Kuma kar a ruɗe shi da cewa Supervisor, mai sake tayar da abin da ya faɗi, na tayar da komai. In abu ya faɗi fiye da sau 3 cikin daƙiƙa 5, shi ma Supervisor ɗin sallamawa yake.

Ɗan Kawo: Allah ya saka da alheri. Wani ya ce in fara da yaren Haskell don in gane wannan salon na ƙima da ba ta canzawa sosai.

Maman Ilham: Da ram 4GB? GHC, mai harhaɗa Haskell, zai wahalar da kai, ga cin data wajen saukewa. A ganina ka bar shi sai ka zauna da gindinka a Elixir. Kuɗi kuma ka ajiye su da kwabo a cikakkiyar lamba, ko ka sa kunshin Decimal, ban da lamba mai ɗigo, don 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif.

Injiniya: Batun data, duk kunshin da Hex ya sauke yana ajiye kwafinsa a kwamfutarka. Sa `HEX_OFFLINE=1` kafin `mix deps.get`, zai ɗauka daga can ba tare da intanet ba, muddin sigar da ke mix.lock ita ce ka taɓa saukewa.