Neman kalmar Hausa: me za mu kira "dumping" a harkar ciniki tsakanin ƙasashe?

Jama'a, musamman malamanmu masu fassarar labarai, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar da magana a kanta. Duk lokacin da aka taɓo muhawarar da ake yi a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ko batun kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da aka rattaba wa hannu a Kigali a 2018, sai kalmar "dumping" ta fito, kuma fassarar da aka fi ji ita ce "jibge kaya". A ganina wannan fassara ba ta ɗauko abin da doka take nufi ba, kuma illar hakan ba ta tsaya ga harshe kaɗai ba.

Ma'anar tana cikin sashe na 6 na yarjejeniyar haraji da ciniki tsakanin ƙasashe ta 1947, wato GATT, wanda aka ƙara fayyace shi a wata yarjejeniya da ta fara aiki tare da kafuwar ƙungiyar a 1995. Abin nufi shi ne kamfani ya sayar da hajarsa a wata ƙasa a kan farashin da bai kai wanda yake sayarwa a gida ba. Idan buhu dala 10 ne a garinsu, ya kawo mana shi a kan dala 7, to ya aikata abin, ko da buhunan ba su cika mota guda ba. Idan kuwa babu cinikin gida da za a auna da shi, sai a duba farashin kayan a wata ƙasa ta uku, ko a lissafa kuɗin da aka kashe wajen sarrafa su tare da riba daidai gwargwado. Magana ce ta farashi tun daga farkonta har ƙarshe.

"Jibge" kuwa yawa yake nunawa, kamar yadda ake jibge yashi a bakin gini. Yawan ma yana da tasa doka daban a sashe na 19, wanda ya ba ƙasa damar ɗaukar matakin kariya na wucin gadi idan kaya suka yi mata ambaliya har masana'antunta suka jigata, ko da mai kayan bai yi wata rashin gaskiya a farashi ba. Saboda haka ina roƙon a bar wa wannan sashe kalmar "jibge", domin nan ne gidanta.

Wasu sun kawo "zubar da kaya", amma wannan ya fi dacewa da irin sharar masana'antu mai guba da aka zubar a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988. "Gwanjo" ma ba ta yi ba, domin hankalin mai sauraro zai tafi ga tufafin da aka riga aka sa.

Abin da na fi natsuwa da shi yana bakin 'yan kasuwarmu tun tuni. Idan mutum ya sauke farashi ƙasa da yadda kowa ya sani, cewa ake yi ya karyar da kaya, kuma maƙwabtansa a layi sukan ce ya ɓata musu kasuwa. Shawarata ita ce mu ce "karyar da kaya a ƙetare", a taƙaice "karyarwa". Na san za a ce mai karyarwa a kasuwarmu yawanci matsuwa ce ta kama shi, alhali babban kamfani yana iya yin haka da gangan don ya kori abokan hamayya. Haka ne, sai dai ita dokar ma ba ta tambayar niyya. Giɓin da ke tsakanin farashin biyu take aunawa.

Dalilin da ya sa na damu shi ne, ba a hukunta karyarwa da ƙorafi kawai. Dole ƙasa ta yi bincike ta tabbatar da abu uku: an karyar, masana'antar gida ta cutu, kuma karyarwar ce ta jawo cutuwar. Idan giɓin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, a nan binciken yake tsayawa, kuma harajin da ake sa wa kayan idan an tabbatar da abubuwan uku yana faɗuwa bayan shekara 5 sai in an sake dubawa an ga buƙatarsa. Wannan aiki ne na lauyoyi da akantoci, shi ya sa Indiya, wadda ta tanadi ma'aikatan, ta fi kowace ƙasa buɗe irin wannan bincike tun 1995, yayin da a Afirka 'yan ƙalilan ne irin su Afirka ta Kudu da Masar suka saba da shi. Afirka ta Kudu ta sa wa naman kajin Amurka irin wannan haraji tun shekarar 2000, kuma da takaddama ta yi zafi a 2015 a kan AGOA, shirin Amurka na barin wasu kayan Afirka su shiga kasuwarta ba haraji, sai aka daidaita a kan tan 65,000 a shekara da zai shiga ba tare da harajin ba. Da ba ta da binciken a hannu, da ba ta da abin da za ta yi ciniki da shi a teburin. Ghana ma ta yi dokar kafa hukumarta ta wannan aiki a 2016.

Idan muka ce an jibge atamfa a Kantin Kwari har masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe, mun haɗa abubuwa da dama a baki ɗaya: akwai fasa-ƙwauri, wanda aikin kwastam ne, akwai tsadar wutar lantarki a gida, akwai kuma yiwuwar karyarwa, wadda sai bincike ne zai tabbatar. Kowanne da maganinsa, kuma ɗan kasuwar da ya san sunan abin da ke damunsa ya fi sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Saura sunan harajin kansa. Tun da doka ta hana ya wuce girman giɓin farashin, ina ganin "harajin cike giɓi" ya dace da shi. Mai fassara zai iya cewa: gwamnati ta sa wa ƙarafan da ake karyarwa a ƙasar harajin cike giɓi na shekara 5. Malamai da 'yan kasuwa, musamman na Nijar da Ghana, idan akwai kalmar da ta fi wannan zama a bakin mutanenku, ku kawo ta a auna.