Abin da aka tattauna kan haɗa ƙunshin Varnish na Debian

Jama'a, magana ta yi tsawo kan yadda za a haɗa ƙunshin girka Varnish, manhajar da ke adana kwafin shafukan yanar gizo don su buɗe da sauri, a tsarin Linux na Debian. Ga abin da na tsamo.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Dole gcc, mai harhaɗa shirye-shiryen harshen C, ya shiga jerin abubuwan da ake girkawa tare da ƙunshin. Varnish yana juya dokokin VCL, wato harshen saitinsa, zuwa harshen C ne, ya harhaɗa su duk lokacin da aka loda su. In babu gcc, varnishd, wato ainihin shirin Varnish da ke gudana a sabar, ba zai tashi ba sam, kuma nan sababbin hannu suka fi yin tuntuɓe.
2. Kada sabuntawa ta goge default.vcl, fayil ɗin saitin Varnish, da mai sabar ya gyara.
3. A bar tashar 6081, wadda Varnish ke karɓar buƙatu ta cikinta, yadda take. Mai son tashar 80, wadda shafukan yanar gizo suka saba amfani da ita, ya canza da kansa ta systemd, mai tayar da shirye-shirye a Linux.

Inda aka rabu:

Wasu na son a ware kayan duba aikin Varnish, wato varnishlog, varnishstat da varnishncsa, a ƙunshi dabam. Akasari sun ƙi, ni ma ina bayansu, domin kayan nan suna karanta abin da varnishd ke rubutawa a ƙwaƙwalwar na'ura ne, sigarsu sai ta dace da tasa.

Batun siga ma ba a daidaita ba. Masu gudun matsala sun riƙe 6.0 mai dogon tallafi, sauran na son sababbin da ke fitowa a Maris da Satumba, ko da hakan zai sa a riƙa sake harhaɗa kowane VMOD, wato ƙarin manhajar da ake jona wa Varnish.