Kayan zaƙin sallah da yara za su sa hannu, da abin da ke lalata tuwon madara

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Azumi ya shiga goman ƙarshe, ga yara an ba su hutu, kowa sai ya leƙo kicin yana tambayar me za a yi na sallah. Ina neman shawarar masu hannu a wannan fanni. Wane kayan zaƙi za a iya yi a gida da yara 'yan shekara 5 zuwa 11, wanda ba sai da obin ko wani inji ba, kuma su ma su taɓa da hannunsu, ba kallo kawai ba? Alkaki da nakiya na san ba aikin yara ba ne.

Na biyu, don Allah a ba ni awo na gaskiya na tuwon madara, ban da "ki zuba daidai misali". Me ke sa shi wani lokaci ya ƙi kamawa ya zauna caɓal, wani lokacin kuma ya bushe ya yi ta marmashewa tun kafin a sa wuƙa?

Anti Mai Alawa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Matsalolin nan biyu da kika faɗa uwarsu ɗaya, dahuwar sukari. Mutane na ɗora wa madara laifi, alhali tun a tukunyar sukari aikin ya lalace.

Ga awon: madarar gari mai maiƙo gwangwani 3, sukari gwangwani 1, ruwa rabin gwangwani. Gwangwanin da kika auna ɗaya da shi, da shi za ki auna sauran. Ki tankaɗe madarar, ki shafa wa faranti mai, ki ajiye muciya kusa, duk kafin ki kunna wuta, don in sukari ya kai ba ya jiran kowa.

Ki zuba sukari da ruwa a tukunya mai kaurin gindi, ki juya har ya narke, daga nan ki cire cokali ki bar shi ya tafasa a matsakaiciyar wuta. Wajen minti 5 zuwa 7 yakan ɗauka, amma kada ki dogara da agogo, wutar gas da ta gawayi ba ɗaya ba ne. Ki ɗebo kaɗan a cokali, ki bari ya huce, ki dangwala tsakanin babban yatsa da manuniya ki buɗe a hankali. In zare ɗaya ya miƙe kafin ya tsinke, ya yi. In babu zare, ruwa ya yi yawa a ciki, shi ne tuwon da ke ƙin kamawa. In kuwa kin ɗiga a ruwan sanyi ya dunƙule kamar ƙaro, ya wuce na tuwo ya shiga na alawar madara, wajen digiri 115 ke nan ga mai ma'aunin zafi, kuma shi ne ke bushewa yana marmashi.

Da zaren ya fito ki kashe wutar gaba ɗaya. Ki zuba gwangwani 2 da rabi na madarar kaɗan-kaɗan kina tuƙawa kamar tuwo, ragowar rabin ki riƙe, sai kin ga yana neman ƙari. Madara ba ɗaya ba ce, ta buhu da ake aunawa a kasuwa da ta gwangwani ba sa shan ruwa daidai. In kika juye ta duka lokaci guda zai yi gudaji, in kika zuba ta wuta na ci za ta kama gindi ta yi ja ta yi ƙauri.

Wanda ya yi ruwa yana gyaruwa: ki ƙara madara cokali-cokali tun da ɗuminsa. Wanda ya bushe, ki yayyafa ruwan zafi babban cokali ɗaya ki murza da hannu. In ya riga ya huce ya sandare, kada ki wahalar da kanki, ki farfasa a zuba a kunu ko koko.

Aikin yara yana farawa ne bayan ya huce har kin iya riƙe shi a tafin hannunki. Ki raba uku: ɗaya fari, ɗaya ki murza masa garin koko ƙaramin cokali 2, ɗaya ɗigon kalar abinci. Ki ba kowa kwalba mai tsabta da aka shafa wa mai ya murza nasa ya kai kaurin ɗan yatsa. Murfin robar ruwa shi ne abin yanka. In yaro ya danna ya fitar da da'ira, ya sake dannawa a gefenta, sai ga jinjirin wata ya fito. Ragowar gefe-gefen a haɗe launukan a mulmula, ya fito da zane kamar atamfa, kuma yawanci shi ake rububi.

Maman 'Yan Mata:

Anti ta gama magana a kan tuwo. Ni gullisuwa zan ƙara, don ita ce ta fi ba yara aikin yi, mulmula ce zalla.

Madara gwangwani 2, sukari rabin gwangwani. Ki daka sukarin ya yi gari tukuna, in ba haka ba ƙwayoyinsa za su narke a cikin mai su bar ɗigo-ɗigon baƙi. Ki haɗa su, ki riƙa zuba ruwa da babban cokali, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin 4 zuwa 6 yakan isa. Ki tsaya da zarar ya haɗe ya daina kama hannu. Kowane yaro a shafa masa mai a tafi, ya mulmula girman ƙwayar gyaɗa, kada ya wuce haka, don babba waje ke ƙonewa ciki bai soyu ba. Wadda ta tsage a sake mulmula ta, ta tsagar take fashewa a cikin mai. Ki ba kowa farantinsa ku ga wa zai fara cika 50, sai dai ki sa ido, ana mulmula ɗaya ana jefa ɗaya a baki.

Suya taki ce ke kaɗai. Wuta ƙasa-ƙasa, ki jefa guda ɗaya gwaji. In ta yi ja nan take mai ya yi zafi da yawa, in ta baje ruwa ko sukari ya yi yawa a kwaɓin, ki ƙara madara. Ki riƙa juyawa ba tsayawa, ki kwashe tun tana ruwan zuma mai haske. Za ki ji ta da laushi, kada wannan ya ruɗe ki ki mayar da ita, sai ta huce take yin ƙarfi. Masu jiran ta yi tauri a cikin mai su ne ke kwashe mai ɗaci.

Akwai kuma wanda ko ashana ba a ƙyastawa: dabinon da ya rage na buɗa-baki. In busasshe ne irin na Agadas, ki cire ƙwallon ki jiƙa a ruwan ɗumi minti 30, ki tsane sosai. Gwangwani 2 na dabino, 1 na soyayyiyar gyaɗa, a kirɓa a turmi har ya haɗe, yara su mulmula su birgima shi a cikin gogaggiyar kwakwa ko soyayyen riɗi. Ba ya son ƙarin sukari ko kaɗan.

Batun kala kuma, maimakon ta kanti, ba za a iya dafa sukarin da ruwan zoɓo ba? Ina ganin zai ba da ja mai kyau.

Baban Kantu:

Hajiya, a yi haƙuri, zoɓo kam kada a kai shi kusa da madara. Tsami ne da shi, tsami kuwa yana tsinka madara ta yi tsaki-tsaki, kuma yana hana sukari komawa ƙanƙara, sai tuwon ya zauna da danƙo ya ƙi yankuwa. Launin ma ba ja yake fitowa ba, wani toka-toka ne. A alawar sukari zalla, irin hanjin ligidi, nan tsami ke da amfani, shi ya sa ake sa tsamiya ko lemon tsami.

Tunda ana maganar mai sauƙi, kantun riɗi abu biyu ne kawai: riɗi gwangwani 2, sukari 1. Wahalarsa a gyaran riɗin take. A wanke, a rege tsakuwa, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya shi ba mai a ƙaramar wuta har ya fara tsalle yana ƙamshi. Riɗin da bai bushe ba shi ke sa kantu ya yi taushi kamar cingam. Sukarin a zuba shi a busasshiyar tukunya da ɗigon lemon tsami 4 ko 5, a bar shi ya narke da kansa, ana karkaɗa tukunyar maimakon juyawa da cokali. Da ya koma ruwan zuma a sauke, a juye riɗin, a gauraya da sauri, a zuba a farantin da aka shafa wa mai, a danne da kwalba. Minti 2 ne tsakaninki da shi: a tsaga layukan yanka tun da zafi, in ya huce sai dai a fasa. In sukarin ya yi duhu ya fara hayaƙi, a zubar a sake, riɗi ba ya ɓoye ɗaci.

Amma a nan yara su koma tsakar gida. Narkakken sukari yana haura digiri 160, ya fi tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, kuma manne wa fata yake yi. Nasu aikin shi ne tsince riɗi, murje ɓawon gyaɗa, da ɓalla kantun a kan layi bayan ya huce.

Uwar Biyu:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura ɗaya: kwana nawa kafin sallah ya kamata a fara, kuma yaya ake ajiya kada su lalace?

Inna Ta Gidan Ƙasa:

'Yata, ki bi su gwargwadon ruwan da ke jikinsu. Kantu da gullisuwa busassu ne, ki yi su kwana 4 ko 5 kafin sallah ba komai. Tuwon madara da dunƙulen dabino suna da danshi, su ki bari sai jajibiri ko ana gobe jajibiri. In ana zafi kuma babu firij, tuwon madara kada ya wuce kwana 3, da ya fara warin tsami ko ya yi yauƙi a sama, a zubar.

Kome kika yi, sai ya huce sarai kafin ki rufe. In kika ƙulle da ɗumi, gumin da zai yi a cikin leda shi zai narkar da shi. Kada ki haɗa kantu da tuwon madara a roba ɗaya, sukari jan danshi yake, kafin safiya kantun ya saki ya manne. Shi ya sa ma ki lura da lokacin da sallar ta faɗo, tunda kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11: kantun da zai yi sati biyu garas-garas da hunturu, da damina kwana biyu ya isa ya yi danƙo in an bar shi a buɗe. Kantu ba ya son firij, roba mai murfi mai kamawa ta ishe shi.

Wanda bai kai shekara 4 ba kada a ba shi gullisuwa ko gyaɗa ɗungurungum, suna sarƙe yaro. A gutsura masa tuwon madara mai laushi. In tsautsayi ya sa sukari ko mai ya fallatsa wa wani, a tara wurin a ruwa mai sanyi na minti 20, ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki. In ƙunar ta yi faɗi ko a fuska take, sai asibiti.

Daren sallah ki shimfiɗa tabarma, ki ba su ƙananan ledoji su ƙulla na 'yan yawon sallah: gullisuwa 5, kantu 1, jinjirin wata 1 a kowace. Ki ƙirga ledojin da kanki kafin su kwanta, ki ɗora robar a saman kabad inda sai da kujera ake kaiwa.